Zauren Tambaya: Mai Binne Nakiya Shi Ne Mai Biyan Kuɗin Tone Ta?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan magana guda, kamar masu su sun haɗa baki. Tun da aka fara jin labarin fashewar abubuwa a hanyoyin Zamfara, da wuya in zauna majalisarmu ta Gawon Nama bayan la'asar ba a jawo zancen nakiya ba, don sun san na yi shekara huɗu a Maiduguri ina riƙe wa wata ƙungiyar agaji littafin kuɗi. To bari in faɗa tun da wuri: ni ba soja ba ne, ban taɓa kwance ko da abin wasan wuta na sallah ba. Akanta ne ni. Abin da na iya shi ne bin sawun kuɗi, daga inda suka fito zuwa inda suka maƙale.

Jikana ma ya sa baki. Ya ji ina waya ina cewa nakiya ta kashe mutane, sai ya ruga ɗakin kakarsa, wadda take tsakiyar haɗa nakiyar gara ta 'yar ƙanwarta, ya ce a zubar. Sai da aka ɗanɗana masa a baki kafin ya yarda suna ne kawai ya zo ɗaya.

Tambaya ta farko daga Alhaji Umaru ce, mai fataucin albasa a Illela. Na bar ta da harshensa:

"Malam, ina gaisuwa. Na ji ga rediyo cewa Amurka da ƙasashen Turai na ba da miliyoyin daloli don a tone nakiyoyin da anka binne inda anka yi yaƙi. Abin da ya ɗaure mini kai, ba su ne ka ƙera su ba? Mi ya sa mutum zai sayar maka da wuta kuma ya biyo ka da tulun ruwa? In ko tausayi ne na gaskiya, mi ya hana su kawo kuɗin ga taki da magani?"

Alhaji, ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Amma kafin mu shiga niyyar masu bayarwa, bari ka fara ganin abin da ke cinye kuɗin, don duk wanda ya ji "miliyoyin daloli" sai ya ɗauka rabi aljihun wani suke shiga.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana wani ƙiyasi: nakiyar da ake binnewa don ƙafar mutum, akwai ta dala 3, amma tone ta yakan ci daga dala 300 har zuwa 1,000. Ban gane dalilin wannan tazara ba sai ranar da aka tara mu a farfajiyar ofis, wani tsohon ma'aikaci ɗan Zimbabuwe ya nuna mana yadda ake yi, da nakiyar bogi da ya binne tun da asuba. Ya sa riga mai nauyi kamar sulke, ya rufe fuska da gilashi mai kauri, ya durƙusa. Ya ajiye sanda mai tsawon mita ɗaya a gabansa, iyakar faɗin layinsa ke nan. Da farko ya zura wata siririyar waya cikin ciyawa a hankali yana laluben zaren tarko. Sannan ya ɗauki almakashi ya datse ciyawar, ba lauje ba, almakashi. Sannan ya kawo na'urar jin ƙarfe ya shafa ƙasa. Na'ura ta yi kuka. Ya koma baya kaɗan, ya fara tono daga gefe, yana soka tsinken ƙarfe a karkace, don in ka soka daga sama kai tsaye ka danna mata kai. Muna tsaye a rana, ni har rigata ta manne a baya. Bayan kusan minti ashirin ya ɗago abin da ya samu: murfin kwalbar lemo. Ya jefa a bokiti, ya matsa da sandarsa taƙi ɗaya, ya sake farawa daga wayar nan.

Ka tuna yadda uwargida take tsintar tsakuwa a shinkafar gida, ƙwaya ƙwaya a kan faifai. Haka ne, sai dai faifan nan gona ce sukutum, kuma kowace ƙusa, kowane gwangwanin kifi, kowane kwanson harsashi dole a ɗauke shi a matsayin mutuwa har sai ido ya gani. Wuni guda mutum ɗaya yakan share abin da bai fi tsakar gida ba. Kuma ba ya fita shi kaɗai: sai da motar asibiti a tsaye, da ma'aikacin jinya, da inshora, da mai bin bayansa yana duba aikin. Nan kuɗin suke tafiya.

Su wa ke biya? A shekarar 2023 abin da aka kashe a wannan fanni a duniya ya haura dala biliyan 1 a karon farko, kuma kusan miliyan 800 daga ciki gudummawar ƙasashen waje ce. Amurka ce kan gaba, sai irin su Jamus, Tarayyar Turai, Japan da Norwe. Amurka kaɗai ta ce ta kashe sama da dala biliyan 5 tun 1993 wajen share nakiyoyi da lalata ragowar makamai a ƙasashe fiye da 100. Ga abin da zai ƙara ɗaure maka kai, Alhaji: yarjejeniyar haramta nakiyoyin nan da aka sa wa hannu a birnin Ottawa na Kanada a Disambar 1997, wadda ta fara aiki a Maris 1999 kuma ƙasashe sama da 160 suka shiga, Amurka ba ta ciki. Rasha ba ta ciki, Sin ba ta ciki, Indiya da Pakistan ma haka. Wato wanda ya fi kowa zuba kuɗin tonewa bai yarda a hana shi binnewa ba.

Ni a ganina kuɗin nan ba launi ɗaya ba ne. Akwai wanda bashi ne ake biya, ko da ba a kira shi da sunansa ba. Dubi Lawos. Tsakanin 1964 da 1973, lokacin yaƙin Biyetnam, jiragen Amurka sun zuba wa wannan ƙaramar ƙasa bama-bamai sama da tan miliyan 2. A ciki akwai 'yan ƙanana masu kamar lemon tsami kimanin miliyan 270, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ba su fashe ba, suna nan kwance a gonakin shinkafa. Da Obama ya je can a 2016 ya yi alkawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku. Wannan ai ba kyauta ba ce. Wanda akuyarsa ta yi ɓarna a gonarka, in ya kawo maka dami biyu ba ka ce masa ya yi sadaka.

Akwai kuma wanda lissafi ne tsagwaronsa. A 2023 Yukren kaɗai ta samu kimanin dala miliyan 300, fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk gudummawar, alhali Afganistan da Angola da Kambodiya sun yi shekara da shekaru suna jira a layi. Ba na cewa Yukren ba ta buƙata, gonakinta na alkama cike suke da nakiya. Amma tana ƙofar gidan Turawa, kuma wutar da ta kama rumfar maƙwabci ita ake fara kai wa ruwa. Ko Saudiyya, da ta kafa shirin Masam a 2018 yana tone nakiyoyi a Yaman, tana cikin waɗanda suka gwabza yaƙin.

Sai dai kada mu yi wa kowa kuɗin goro. Kanada ce ta kira taron Ottawa ba don ta binne wa kowa komai ba. Jody Williams da gamayyar ƙungiyoyin da ta jagoranta sun samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1997 saboda sun tasa gwamnatoci gaba har aka yi dokar. A Janairun 1997 ɗin ne Gimbiya Diana ta Ingila ta sa rigar sulke ta ratsa filin nakiya a Huwambo ta Angola, hoton ya zagaye duniya. Dattawan da ke sauraron rediyo a lokacin za su tuna.

Inda zan ɗan ja da kai shi ne batun "su ne ke ƙerawa". A da, haka ne. Yau kuwa, nakiyar da ke cin mutanenmu a Borno ba daga masana'antar Turai ta zo ba. A daji ake haɗa ta, da jarka ko tukunya da batir, a binne a kan hanyar gona ko ta itace. Irin wannan ta haɗin gida tana cikin waɗanda suka fi kashe mutane a duniya a shekarun nan. A 2023 an ƙirga mutum 5,757 da nakiya da ragowar makamai suka kashe ko suka raunata, mafi yawansu fararen hula, kuma sama da 300 daga ciki 'yan Najeriya ne.

Taki da magani kuwa, Alhaji, kai manomi ne kafin ka zama falke. In aka sauke maka buhu goma na taki a bakin fadama, aka ce amma akwai abu guda binne a ciki, ba a san inda yake ba, za ka tura ɗanka dashen albasa? Ko jita-jitar nakiya ta isa ta kashe gona. Mozambik ta yi fiye da shekara ashirin ana wannan tsintar, sai a Satumbar 2015 ta bayyana cewa ta gama da filayen da aka sani. Hanyar jirgin ƙasa, turakun lantarki, rijiyoyi, sai bayan nan suka koma hannun mutane.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya ba niyyarsu ba ce, gajen haƙurin kuɗin ne. Aikin na shekara ashirin ne, kuɗin na wata goma sha biyu. Kowace shekara sai an sake rubuta takardar roƙo, a lissafa yara nawa za a wayar wa kai, ƙauyuka nawa za a shiga, a aika, a zauna jiran amsa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. A shekarata ta ƙarshe a can, ranar wata Alhamis bayan azahar, saƙo ya shigo kwamfutata, layi huɗu kacal: ƙasar da ke ɗaukar nauyinmu ta sauya inda za ta sa gaba, ba za a sabunta ba. Ni aka ba aikin lissafa haƙƙin sallama na mutum goma sha huɗu. A cikinsu akwai wata baiwar Allah, bazawara mai 'ya'ya biyar, wadda ta iya Kanuri da Shuwa da Hausa, ita ce mata suke sakin jiki da ita a sansani. Ta karɓi takardarta ta ce, "Malam, to ƙauyukan da muka ce musu za mu dawo bayan sallah fa?" Na duƙar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Suna na goma sha huɗu a jerin nawa ne.

Abin da ya same mu ƙarami ne a kan na 2025. Ranar 20 ga Janairu, ranar da Trump ya koma mulki, ya sa hannu a dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, aka aika wa ƙungiyoyin tone nakiya su tsaya cak. Daga Kambodiya har Lawos ma'aikata suka ajiye na'ura. Daga baya wasu sun koma aiki, amma kowa ya ga yadda zanen aro yake barin katara a waje. A shekarar ce kuma Polan, Finlan, Lituweniya, Latbiya da Estoniya suka ce za su fice daga yarjejeniyar Ottawa saboda tsoron Rasha. Don haka in an kawo, a karɓa, ba abin kunya ba ne, ita kanta yarjejeniyar ta ɗora wa mai hali taimaka wa marar hali. Amma ƙasar da ta jingina rayuwar manomanta da kasafin kuɗin wata majalisa a can ƙetaren teku, ranar da aka yi zaɓe a can ita za ta kwana da zullumi.

Ta biyu daga Malama Hadiza ce, mai koyarwa a wata firamare a Mabera. Ta ce wani ɗalibinta ya faɗa a aji wai gafiya tana gano nakiya, ta tsawata masa ta ce ya daina ƙarya, yanzu kuma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Malama, gobe ki saya wa yaron nan alewa ki ba shi haƙuri. Wata ƙungiya mai suna APOPO, wadda 'yan Beljiyam suka kafa, tana horar da gafiyoyi a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, 'yan uwan wannan dai da yaranmu suke turara wa hayaƙi a rami. Ana koya mata ƙanshin sinadarin da ke cikin nakiya. In ta shinshino ta karci ƙasa, sai a danna wani abu ya yi ƙara, a ba ta ayaba. Ba ta da nauyin da zai tayar da nakiya, kuma ba ruwanta da murfin kwalba ko ƙusa, hanci take bi. Filin da ya kai kusan rabin fuloti takan gama da shi cikin rabin awa, wanda mai na'ura zai iya kwana huɗu a kai. Ita nunawa kawai take yi, mutum ne zai durƙusa ya tone. Akwai wani namijinsu mai suna Magawa da ya yi aiki a Kambodiya ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100, har aka rataya masa lambar zinariya a 2020, ya mutu a Janairun 2022 bayan ya yi ritaya. Mu nan "gafiya tsira da na bakinki" kawai muka sani. Tun da na ji labarin nan, in na ga yara sun taso wata a bayan gida sai in ji kamar in ce su yi mata a hankali, ƙila ma'aikaciya ce.

Ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci. Nasiru, ɗan jari-bola a wajen Kara, ya rubuto cewa a cikin ƙarafan da aka sauke masa akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsatsa, dogo kamar taɓarya ƙarama, da fikafikai a gindi. Yaransa sun ce a fasa a cire jan ƙarfen ciki. Yana tambaya ko akwai ƙungiyar Turawa a Sakkwato da ke sayen irin wannan, ko ta biya wanda ya kawo.

Ɗana Nasiru, ba mai saye, ba mai biya, kuma abin da ka kwatanta ya yi kama da harsashin igwa da bai tashi ba. Tsatsa ba ta kashe shi, ƙara masa saurin fushi take yi. Kada a buga, kada a sa wuta kusa, kada a ɗaga a ce za a kai wa hukuma a bayan babur, kada kuma a jefa a rijiya ko a gulbin Rima don a huta. Ku janye daga wurin, ku hana yara zuwa, ka sami mai unguwa ku tafi ofishin 'yan sanda tare. Suna da sashen masu kwance bam, aikinsu ke nan. Na ce ku tafi da mai unguwa ne don na san abin da kake tsoro, kada a ce ina ka samo shi. Sana'arku ta ci mutane da yawa a arewa maso gabas, har gwamnatin Borno ta haramta yawon tsintar ƙarafa a 2023.

Na taɓa bin ma'aikatanmu wani sansani don in biya kuɗin shayi da tabarmi. A gindin dogon yaro aka tara yara, matar nan da na ambata ta buɗe wani ƙyalle mai hotuna, tana nuna kowane tana tambaya wa ya taɓa gani. Da ta zo kan wani mai kamar gwangwanin madara, wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya ɗaga hannu da murna, ya ce suna da shi, da shi suke alamar raga in za su buga ƙwallo. Wurin ya yi tsit. Ita ko ba ta daka masa tsawa ba, ta yi murmushi ta ce ya kyauta da ya faɗa, ta tambaye shi wajen ina, ta rubuta. Da muka shiga mota na ga biron yana rawa a hannunta. Abin da na biya a ranar, da shayin da tabarmin da man mota, bai kai kuɗin ragon suna ba.

Shi ya sa nake cewa wannan ɓangaren bai kamata mu jira kowa a kansa ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Ottawa tun 2001, ta ce ta gama da ragowar yaƙin basasa a 2011, sai rikicin Boko Haram ya sa ta koma neman ƙarin wa'adi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi ta buɗe aiki a Maiduguri a 2018, kuma ƙarfin tallafin a Borno da Yobe da Adamawa yake. Mu nan yamma ba mu saba da abin ba. Amma a Disambar 2024 abubuwan da aka binne sun tashi da motoci a hanyar Ɗansadau, kuma daga Gusau zuwa nan tafiyar 'yan awoyi ce. Direban da ke bin hanyar Isa da Sabon Birni, da mai kiwo a dajin Tangaza, da yarinyar da ke zuwa itace, kowannensu ya kamata a ce ya san sabuwar ƙasa da aka tona a tsakiyar hanya, ko waya da ta leƙo daga rairayi, ba abin taɓawa ba ne, kuma in ka gani ta sawunka za ka koma. Minti biyar a gidan rediyon Rima, kalma biyu bayan huɗubar Juma'a, malamin allo ya faɗa wa almajiransa, shugaban tasha ya faɗa wa direbobi. Wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya.

Nasiru, ka ce ƙarfen yana bayan shagonka tun mako biyu, a jingine da bango inda rana take dukansa. Na kira lambar da ka rubuta a ƙasan wasiƙar sau uku, a kashe. Na aiki ƙanena Kara ya nemi shagon, ya ce 'yan jari-bola masu suna Nasiru sun kai biyar. In kai ne, ko kai maƙwabcinsa ne ka karanta wannan, a je wurin mai unguwa yau, kafin magariba.